Wa ke sauraron mai ziyarar gidan mai jego?

A watan Disamba na 2022 majalisar dokokin Amurka ta sabunta shirin ziyartar gidajen masu ciki da masu jego da aka kafa a 2010, ta amince kuɗinsa su tashi daga dala miliyan 400 a shekara har su iya kai 800 a 2027. Tun daga nan lissafi kawai ake yi: gida nawa aka shiga, ma'aikata nawa aka ɗauka. In an zo batun kula da ma'aikatan kuwa, sai a ɗauka bin sawunsu ake nufi. An bar jaki ana dukan taiki.

Wanda bai san Selma Fraiberg ba, da wuya ya gane inda aikin ya dosa. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce a Jami'ar Mishigan, wadda ta fitar da jinyar tunani daga ofis ta kai ta ɗakin girkin iyaye mata. A 1975 ita da Edna Adelson da Vivian Shapiro suka fitar da maƙalarsu kan fatalwar da ke ɗakin jariri, wato azabar da uwa ta sha tana ƙarama, wadda kan dawo ta shiga tsakaninta da abin da ta haifa. Sun kawo labarin jaririya 'yar wata biyar da ke tsala kuka, uwar na zaune kusa da ita, ko hannu ba ta miƙa ba. Maimakon su yi mata faɗa, sai suka binciko cewa ita ma ba wanda ya taɓa jin kukanta. Da ta sami mai sauraronta, ta fara ɗaukar 'yarta. Fraiberg ta rasu a 1981, yau ba kasafai ake ambatonta ba in ana rabon kasafi.

Daga wannan gado zaman waiwaye ya samo tushe. Ma'aikaciya kan zauna da wata ƙwararriya a lokaci tsayayye, ba a ɗagawa don wani taro. Ba a tambayarta fom nawa ta cike. Ana tambayarta me ta ji a ranta sa'ad da wata uwa ta cusa wa yaro bulumboti a baki tana kallon bango, kuma me ya sa ta ƙosa ta bar gidan. Wadda aka ba damar cewa "ban san yadda zan yi ba" ba tare da tsoron takardar gargaɗi ba, ita ce ke komawa gobe da ƙarfin gwiwa. Shi ya sa ƙungiyar lafiyar tunanin jarirai ta Mishigan, wadda aka kafa a 1977, ta sa sa'o'in wannan zama cikin sharuɗɗan ba ƙwararru shaidarta.

Mu ma a Najeriya muna da masu shiga gida-gida. An ƙaddamar da shirinsu na CHIPS a 2018, an kuma sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023. Amma in shugabanni suka sauka a asibitin ƙauye, rajista da firjin rigakafi suke dubawa, su sa hannu su hau mota. Ma'aikaciyar da ta wuni tana ganin mai jego na kuka a bayan ƙyaure ta tafi gida da abin a cikinta. Hukumomin lafiya a matakin farko na jihohi su ware wa kowace ma'aikaciya sa'a guda a wata, su horar da masu sauraronta. Wannan bai kai kuɗin taron bita ɗaya a otal ba, to me ake jira?