Fadar Damagaram: Gidan Ƙasa da Rajistar Tarihi

A zamanin Sarauniya Biktoriya (1837 zuwa 1901), lokacin da attajiran Ingila ke gina manyan gidajen karkara da dutse da jan bulo, magina a Damagaram ma suna nasu aikin da tubali da azara. Wajen 1850 aka gina fadar sarki da ke unguwar Birni. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kai masarautar ƙololuwar ƙarfinta, ya kewaye garin da ganuwa.

Wanda ya tashi a Tajaye, nan ƙasar Illela, ba baƙo ba ne ga irin wannan gini. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali da hannu, a shanya. Bango yakan fara da kauri a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa. Gwanintar tana wajen rufi. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a fili mai faɗi. Sai magini ya riƙa jera ta hawa-hawa daga bango biyu, yana ɗaurewa, yana lulluɓewa da ƙasa, har su haɗu a sama su zama bakan gizo. In ka shiga zaure irin wannan da tsakar rana, sanyi ne ke fara tarbarka kafin idonka ya saba da duhun. Da wannan dabara magini Falke Barmu ya sake rufin masallacin Yama, nan ƙasar Illela, ginin da ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986.

Wajen kare tsofaffin gine-gine kuwa, a Ingila doka ta kasa gidajen da aka yi wa rajista aji uku, kuma mai gida ba ya rushe ko sauya fasali sai da izini. Nijar ma ta yi dokar kare kayan tarihi a 1997. A 2006 ta sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da take nema wa rajistar UNESCO, rajistar da tsohon garin Agadas ya samu a 2013.

Abin da ke damuna shi ne ginin ƙasa ba ya jiran takarda. Yana son yaɓe kafin damina, da gyaran indararo. A Satumbar 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, sa'ar fadar a shekaru, jama'a na tsaye suna kallo.