Ko Kun Sani? Dalilin Warin Hayaƙin Itace

Ko kun sani cewa warin da wani itacen girki yake yi a murhu, har ya kama tuwo da miya, yana da sababinsa? Matan Ruwan Godiya da na ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara sun daɗe da fahimtar wannan al'amari, shi ya sa suke fifita busasshen marke da ƙirya, masu ci da wuta sosai su bar garwashi, a kan tumfafiya, wadda farin ruwanta mai dafi yake sa hayaƙinta yaji a ido da maƙogwaro, ko darbejiya mai ɗacin hayaƙi. Amma galibi ɗanyantaka ce tushen illar, domin itacen da aka sara yau kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta ba ta iya cinye shi sarai, sai ta bar hayaƙi mai kauri da kunkunniya. Irin wannan hayaƙi yana gurɓata iskar gida, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta halaka mutum miliyan 3.2 a 2020. Wajibi ne, saboda haka, a faskara itace a shanya shi ya bushe kafin damina, a kuma buɗe wa madafa taga, domin kiyaye lafiya amana ce.