Balaguron Shaƙatawa a Bahar Rum Lokacin Kaka: Dalilansa da Nauyinsa a kan Biranen Gaɓa

Gabatarwa

A wurin Bahaushe, kaka lokaci ne na girbi da yalwa bayan ɗaukewar damina. Masu fassara sun ari kalmar don ambaton watannin Satumba zuwa Nuwamba a Turai, inda ganyaye ke zuba, rana ke gajarta, sanyi ke kunno kai. A wannan zango ne mutane da dama daga Ingila da Jamus da maƙwabtansu ke shiga manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, su nufi biranen gaɓar Bahar Rum masu sauran ɗumi. Wannan maƙala ta dubi dalilan hakan da abin da yake jawo wa biranen.

Asalin Sana'ar

Tun farko sauyin yanayi ne ya haifar da sana'ar. A watan Janairun 1891, Albert Ballin na kamfanin Hamburg-Amerika ya tura jirgin Augusta Victoria yawon Bahar Rum, domin fasinjojin ƙetare Tekun Atlantika kan yi ƙaranci a hunturu. Ribar da aka samu ta sa kamfanin ya ƙera Prinzessin Victoria Luise a 1900, jirgi na farko da aka gina musamman domin shaƙatawa.

Dalilin Zaɓen Kaka

Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa. Bahar Rum kan kai ƙololuwar ɗuminsa a Agusta, sa'annan ya riƙe shi har cikin Oktoba, musamman a gabashinsa, wajen Kubrus da tsibiran Girka. Don haka matafiyi kan samu ruwan iyo mai daɗi ba tare da ƙunar bazara ba. Haka kuma, komawar ɗalibai makaranta na rage cunkoso, kuɗin tikiti ya sauka.

Tsarin tafiyar sananne ne. Jirgi kan tashi daga Barsalona a Sifaniya, ya yada zango a Marsai ta Faransa, sai Jenowa da Nafoli a Italiya, wani lokaci har Malta, ya komo cikin mako guda. Da dare ake tafiya, da safe a sauka yawon gari, da yamma a koma jirgi, wanda shi ne masauki da wurin cin abinci. Idan Nuwamba ta kama, jirage da yawa kan ƙetare Atlantika zuwa Karibiyan, suna tsayawa a tsibiran Kanari ko Madera.

Sai dai ɗumin da ke jawo baƙi shi ne kuma ke ƙarfafa hadari, domin iska mai sanyi idan ta hau kan ruwa mai ɗumi takan haifar da mamakon ruwan sama. Ambaliyar yankin Balensiya ta 29 ga Oktoba, 2024, wadda ta hallaka fiye da mutum 200, shaida ce.

Nauyi a kan Birane

Babban jirgi guda kan sauke dubban mutane cikin sa'o'i kaɗan. Da yake ba sa kwana a gari, abin da suke kashewa bai kai na masu kama otal ba, alhali cunkoso da hayaƙi na mazauna ne. Wannan ya sa hukumomi ɗaukar matakai. Daga 1 ga Agusta, 2021, Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 ratsa tsakiyar birnin Fenis. A 2025 Girka ta sanya wa masu sauka a Santorini da Mikonos harajin yuro 20 a tsakiyar bazara, ta kuma sassauta shi daga Oktoba, domin karkatar da baƙi zuwa watannin da babu turmutsitsi.

Kammalawa

Balaguron kaka ya tsawaita kasuwar masu sana'o'in gaɓa, amma ya rage watannin da mazauna ke samun sararawa. Matakan Fenis da Girka sun nuna cewa biranen sun fara ƙayyade girman jirgin da zai shigo da lokacin shigowarsa, maimakon barin kamfanoni su yanke hukuncin su kaɗai.