Me Ke Shanye Ɓarin Jikin Yaro Ɗan Shekara Bakwai?

Yaro ya ci tuwonsa da daddare, ya yi wasa da 'yan'uwansa, ya kwanta lafiya lau. Da safe aka miƙa masa kofin koko, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, in ya tashi tafiya sai ya riƙa jan ƙafa ɗaya. Shekararsa bakwai.

A gida, ko a Roni ne ko Gwiwa ko wani ƙauyen Babura da ke bakin iyakar Nijar, bayanin da zai fara zuwa bakin mutane shi ne iska. Ba na ganin laifinsu. Kowa ya san shanyewar ɓarin jiki ciwon manya ce, ta mai hawan jini, ta dattijon da ya haura hamsin. Wane hawan jini ne ga yaron da bai gama famfarar haƙori ba? Sai a fara da hayaƙi da rubutun sha, kafin a nemi mota zuwa babban asibitin Kazaure, daga can a tura su Kano, tunda ga mutumin wannan yanki Kano ta fi Dutse kusa. Tambayar da iyaye ke shiga asibiti da ita, me ya sami yaron nan, ta daɗe tana cin ran likitoci su ma. An shafe shekaru kusan hamsin ana warware ta zare-zare, kuma ƙullin ƙarshe a asibitocin Kano da Kaduna aka kwance shi.

Alamar farko tana cikin katin asibitin yaran da abin ya sama. In aka jera su, sai a ga mafi yawansu abu ɗaya ya haɗa su: amosanin jini, wato sikila. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi duk shekara a ƙasar nan. A 1998 wani likita ɗan asalin Ghana, Kwaku Ohene-Frempong, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin diddigin dubban masu sikila a Amurka, suka nuna cewa kusan 11 cikin 100 na masu nau'in SS ɓarin jikinsu kan shanye kafin su cika shekara 20, kuma haɗarin ya fi tsanani kafin shekara goma. Wannan a ƙasar da asibiti ke bakin ƙofa ke nan.

An san su wa abin ke kamawa, saura a san yadda yake kama su. Tunanin farko mai sauƙi ne. Ƙwayoyin jinin mai sikila kan lanƙwashe su yi siffar lauje, su maƙale a ƙananan hanyoyin jini, shi ne ciwon ƙashin da ke sa yaro ihu da sanyin hunturu. Aka ɗauka haka abin yake a ƙwaƙwalwa. Amma a 1972, da aka ɗauki hoton jijiyoyin kan wasu masu sikila da abin ya shafa, sai aka ga ɓarnar tana manyan jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa. Bangonsu na ciki ya yi kauri, hanyar ta tsuke. Wannan ya sauya lissafi gaba ɗaya, domin tsukewar babbar jijiya ba aikin dare ɗaya ba ne. Wata da watanni take yi tana matsewa yaro yana yawonsa. Abin da iyaye suka gani da safe ƙarshen labari ne.

Idan kuwa abu yana ɗaukar watanni, ana iya riskarsa a hanya. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu ya san in ka danne bakin tiyo da babban yatsa ruwan ƙara gudu yake yi. Haka jini yake a jijiyar da ta tsuke. A 1982 wani masani ɗan ƙasar Norway, Rune Aaslid, ya fito da hanyar auna gudun jini a cikin kai ta amfani da sauti. Ana ɗora ɗan kan na'ura a gefen kai, gaba da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri. Babu allura, babu yanka, yaro yana kwance idonsa biyu. Ma'aikatan asibiti suna ce masa gwajin TCD. Dokta Robert Adams na jihar Jojiya a Amurka ya ɗauki wannan na'ura ya bi yara masu sikila da ita, har aka gano iyakar haɗari: yaron da gudun jininsa ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, in aka bar shi haka, cikin irinsa ɗari kusan goma ɓarin jikinsu zai shanye a shekara guda. Kusan ɗaya cikin kowane yara goma da aka auna ya faɗa wannan rukuni.

Magani ya biyo baya a 1998, a gwajin da aka sa wa suna STOP. Yara 130 masu gudun jini mai haɗari aka raba gida biyu. Waɗanda ake yi wa ƙarin jini kusan duk wata, ɗaya ne abin ya sama. Waɗanda ba a yi wa ba, 11. Bambancin ya yi yawan da aka dakatar da gwajin tun lokacinsa bai cika ba. A Amurka da Ingila an gama magana ke nan.

A wajenmu kuwa nan aka ci karo da bango. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ɗakin ajiyar jini yana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya don a samu leda guda ga mai haihuwa, ya san ma'anar a ce yaro zai karɓi jini duk wata, shekara da shekaru. Ga kuɗin tantance jinin, ga na mota daga Gwiwa zuwa Kano da komowa, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a hanta da zuciya saboda yawan ƙarin jini, wanda shi ma fitar da shi sai da magani mai tsada. Kuma wani gwajin a 2005 ya nuna in aka daina ƙarin jinin haɗarin dawowa yake yi. Saboda haka shekaru suka shuɗe ana da ilimin gano yaron da ke bakin rami, ba a da abin da za a miƙa wa uwarsa.

Zaren da ya kai ga mafita tsoho ne, kuma iyaye mata sun riga likitoci lura da shi. Jariri mai sikila lafiya ƙalau yake a watannin farko. Sai wajen wata shida hannu da ƙafa ke fara kumbura. Me ke kare shi kafin nan? A 1948 wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ta lura cewa ƙwayoyin jinin jarirai ba su cika lanƙwashewa ba, ta danganta hakan da wani nau'in sinadarin jini, himogilobin na ɗan tayi, wanda jiki ke rage yin sa bayan haihuwa. To ina ma a lallashi jiki ya ci gaba da yin sa? A 1984 aka nuna cewa wani tsohon maganin ciwon daji na jini, haidiroksiyuriya, yana yin hakan. A 1995 aka tabbatar yana rage tashin ciwo ga manya masu sikila da kusan rabi.

Sai dai a Amurka ana ba da maganin ne ana ƙara shi sannu a hankali har iyakar abin da jiki zai ɗauka, ana auna jini a kai a kai, domin yana iya rage fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta. Anya zai yi lafiya a ƙasar zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci? Kuma akwai wata tambayar da ta fi wannan nauyi a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a garin, yara 11 cikin kusan 200 da ke cikin gwajin suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Tabon bai goge ba. Wane uba ne zai sake sa hannu a takardar gwajin magani?

Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, cikinsu har da Dokta Najibah Galadanci da Dokta Shehu Umar Abdullahi, tare da Farfesa Michael DeBaun da Farfesa Muktar Aliyu na Jami'ar Vanderbilt, suka fara da ƙaramin gwaji mai suna SPIN. Suka sauƙaƙe lamarin: a auna nauyin yaro, a ba shi miligiram 20 a kan kowane kilo, kullum, ba ƙari ba ragi. Kusan tara cikin kowane iyaye goma da aka yi wa bayani suka amince. Ni a ganina wannan ma sakamako ne mai zaman kansa, domin ya nuna mutanenmu ba ƙin bincike suke yi ba, ƙin a rufe su suke yi. Yara 29 suka sha maganin. Cikin wata uku gudun jininsu ya fara sauka, kuma da aka bi su shekaru, yawan shanyewar jiki a cikinsu bai kai ɗaya cikin ɗari a shekara ba, inda ake tsammanin goma.

Yara 29 ba su isa a gina dokar magani a kansu ba. Daga 2016 zuwa 2018 aka ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 a babban gwaji mai suna SPRING, a Asibitin Malam, da Asibitin Murtala, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna. Ba a ware wani rukuni an hana shi magani ba, domin barin yaron da aka san yana cikin haɗari hannu rabbana zalunci ne. Aka kwatanta miligiram 10 da miligiram 20, ba likita ba uwa da ya san wanne yaro ke sha. Masu binciken sun zaci babban awo zai fi. Sakamakon da mujallar Lancet Haematology ta buga a 2022 ya zo da ba-zata: yara uku abin ya sama a rukunin ƙaramin awo, biyar a na babba, bambancin da bai wuce na dace ba. Duka biyun sun sauko da haɗarin zuwa ƙasa da biyu cikin ɗari a shekara. Inda babban awo ya yi fice shi ne yaransa ba su cika kwanciya asibiti ba. Tun a 2020 ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta sa wannan hanya cikin ƙa'idojinta ga ƙasashen da ƙarin jini duk wata ba zai yiwu ba, kuma hujjar da aka tara a Kano tana cikin abin da ta dogara da shi. Maganin ana yin sa a Najeriya, kuɗinsa a lokacin gwajin kusan dala biyar ne a wata, kuma gwamnatocin Kano da Katsina da Kaduna sun ɗauki alkawarin ba da shi kyauta ga yaran da gwaji ya nuna suna cikin haɗari.

Da masu binciken suka koma kan takardunsu sai wani abu ya tsaya musu a rai. Akwai yaran da aka bi diddiginsu da suka rasu ba ta hanyar shanyewar jiki ba. Me ya bambanta su da sauran? Amsar tana kan ma'aunin nauyi: yaran da suka rame ƙasa da ƙimar shekarunsu su suka fi mutuwa. Shirye-shiryen yaƙi da tamowa kusan duk a kan 'yan ƙasa da shekara biyar suka tsaya, mai sikila ɗan shekara takwas ba ya cikin lissafin kowa. Sai suka sake ɗaukar yara 110 masu tsananin rama a Kano, aka ba su haɗin gyaɗa da madarar da ake ba masu tamowa na mako 12, kusan huɗu cikin goma suka fita daga matakin haɗari. Wannan zaren har yanzu ana bin sa.

Abin da ya shafi Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa a fili yake. Ƙa'idar likitoci ita ce duk yaro mai nau'in SS a yi masa gwajin TCD sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16, tun yana tafiya da ƙafafunsa biyu. Uban da ke da irin wannan yaro ya ambaci gwajin da sunansa a asibiti, ya nemi takardar turawa in ta kama. Kada a sayi haidiroksiyuriya a kemis a fara ɗura wa yaro, domin awonsa da nauyin jiki yake tafiya kuma sai ana duba jini. Na'urar kanta ana ɗaukar ta a hannu, kuma a Kaduna an riga an koya wa ma'aikatan jinya aiki da ita. Ma'aikatar lafiya ta Jigawa tana iya tura ma'aikata daga manyan asibitocin Kazaure da Babura su koyo a Kano, ta ajiye na'ura a kowanne, ta sa maganin cikin waɗanda take rabawa kyauta, ta ware rana ɗaya a mako da za a riƙa auna yaran Roni da Gwiwa.