Yadda ake karanta shekarun tsoffin gaɓoɓin kogi

A kwarin Kogin Tems na Ingila ƙasa hawa-hawa take kamar matakala. Kowane hawa tsohon makwancin kogin ne, da tsakuwarsa da yashinsa, wanda ruwa ya bari ya ƙara cin ƙasa. Na can sama shi ne mafi tsufa.

To, yaya ake sanin shekarunsu? Gwajin kabon ba ya wuce shekara 50,000, don haka masana suka koma ga yashin kansa. Ƙwayar yashi da ke binne tana tara wani ƙarfi daga sinadaran ƙasa, hasken rana kuwa yana goge shi. Shi ya sa ake kafa bututu a jikin gaɓa a ciro yashin cikin duhu, ba a buɗe shi sai a ɗakin gwaji ƙarƙashin jar fitila. Ƙarfin da aka tarar a ciki shi ke nuna rabonsa da ganin rana.

Sauran lissafi ne: a raba tsayin gaɓar da shekarunta, a san saurin da kogin ke cin ƙasa. Tems bai cika cin santimita 10 a shekara dubu ba. Kogin Indus kuwa, kusa da dutsen Nanga Parbat a Pakistan, yana cin milimita 2 zuwa 12 kowace shekara, domin dutsen tasowa yake yi, ruwan na yankarsa.

Yanayi ma ya bar shaida. A ƙarƙashin Dandalin Tarafalga, tsakiyar Landan, an tono ƙasusuwan dorina masu shekara kusan 125,000, alamar a lokacin akwai ɗumi a wurin.