Yuriya da Kanwa: Wanne ne Oganik?

Duk manomin Kara ya san taki iri biyu ne: na gida, wato kashin dabbobi da na juji, da na zamani da ake sayowa a buhu daga kasuwar Gwarzo. In ka tambaye shi wanne ne oganik, na gida zai nuna. Malamin kimiyyar sinadarai kuwa zai ce yuriyar cikin buhun nan ita ma oganik ce.

A da, masanan Turai sun ɗauka sinadaran jikin mai rai ba sa samuwa sai daga mai rai. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji daga wani gishiri, alhali a fitsari aka san ta. Tun daga nan ma'anar oganik ta soma sauyawa. Yau oganik na nufin sinadaran da aka gina kan kabon, galibi tare da haidirojin: man gyaɗa, sukari, fetur, har leda. Gishiri da ƙarfe da ruwa inoganik ne. Kanwa fa? Akwai kabon a cikinta, amma a inoganik aka ajiye ta. Iyakar ta fi kama da ta gonakin gado, wadda aka shata da yarjejeniya.

A wannan kimiyya kuma, kalmar radikal ce ke rikita ɗalibai, don ma'ana biyu gare ta. Ta farko, gungun ƙwayoyin zarra da ke tafiya tare kamar 'yan ɗaki ɗaya, su fita daga wannan sinadari su shiga wancan ba su rabu ba. Wöhler da abokinsa Liebig sun nuna haka a 1832. Salfet da naitiret na littafin sakandare ma da wannan sunan ake koyar da su.

Ta biyu ita ce mai rigima: ƙwayar da ke da ilaktaron guda marar abokin zama. Ba ta da natsuwa, sai ta fizgo na maƙwabciyarta, ita ma ta fizgo na gaba, abu ya yi ta yaɗuwa. Moses Gomberg ya gano irinta mai ɗorewa a Amurka a 1900. Da wannan fizge-fizgen ake ƙera wasu ledoji a masana'anta. Shi ne kuma ke sa man gyaɗa da ƙuliƙuli su canza wari idan sun daɗe a iska da rana, abin da ya sa mai tuya ke toshe bakin jarka ta kai ta inuwa.