Kunzugu, Bagaruwa da Ɗakin Awo: Yadda Matan Hausa Ke Kula da Tsaftar Jikinsu

A gidajen Hausawa da dama, yarinya ba ta fara jin maganar jinin al'ada daga bakin mahaifiyarta, balle idan 'yar fari ce, wadda ko sunanta uwar ba ta faɗa. Goggo ce ko yaya ko kaka ke jan ta gefe ranar da ta ga jini, a ba ta kunzugu, a ja mata kunne game da maza, shi ke nan. Sauran karatun a islamiyya take samun sa. Tun daga Ahalari za ta san hukuncin haila da jinin biƙi, ta san cewa a mazhabar Malikiyya jinin mai farawa ba ya wuce kwana 15, na biƙi kuma kwana 60, ta san lokacin da za ta ajiye salla da yadda ake wankan tsarki. Saboda haka mace Bahaushiya takan girma da cikakken sanin hukuncin jininta. Abin da ba kasafai ake koya mata ba shi ne yadda jikin nata yake aiki.

Mutanenmu ba ƙazamai ba ne a wannan fanni. Buta ba ta rabuwa da bayan gida, tsarki da ruwa wajibi ne, ana aske gashin gaba da na hammata, kuma sanya miski a auduga a bi gurbin jini bayan wankan haila abu ne da ya zo a hadisin Nana A'isha. Abin da ma'aikatan jinya ke ƙarawa a kai kaɗan ne: a wanke daga gaba zuwa baya, a tsane jiki kafin a mayar da wando, wandon kuma ya zama na auduga.

Kunzugu, wato tsumman tsohon zane da ake ninkewa, har yau shi ne abin dogaron matan karkara da na birni da yawa, domin audugar mata ta kanti ta yi tsada. Shi kansa tsumman ba shi da laifi. Matsalar tana wajen shanya. Ba a so namiji ya gani, ana kuma tsoron kada kishiya ko maƙiyi ya ɗauka ya kai wa boka a ɗaure wa mace mahaifa. Sai a wanke shi da dare, a rataye a bayan ƙofa ko a cusa ƙarƙashin katifa da sauran danshinsa, alhali rana ce ke busar da shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Wannan tsoron ne ma ya sa mata da yawa ke wanke audugar kanti tas kafin su jefar. Akwai kuma masu hana budurwa shan zaƙi ko ruwan sanyi a kwanakin al'ada, wai suna ƙara ciwon mara.

Sai jego. Kwana arba'in mai jego na wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa, ana fyaɗa mata shi da ganyen darbejiya ko na tsamiya, a zaunar da ita cikin ruwan zafi, ta sha kunun kanwa. A da har gadon ƙasa ake hura wa wuta ta kwanta a kai. Manufar ita ce a kori sanyi, jiki ya koma daidai. A shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kan yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da gazawar zuciya, suka danganta hakan da tsananin zafin da kuma gishirin da ke cikin kanwa. Duk da haka, kulawar da jego ke bai wa mace, hutu da abinci da tsohuwa a kusa, abu ne mai daraja da bai kamata a zubar da shi tare da kanwar ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne abin da ake cusawa ciki. Amarya da mai jego da matar da ke tsoron a yi mata kishiya, duk ana kawo musu matsi. A tafasa bagaruwa a shiga ciki, a jiƙa alimun, a yi turaren tsugunno, a haɗa garin magani da zuma ko man shanu a cusa. Wasu kuma sabulu mai ƙamshi ko Dettol suke zubawa a ruwa, su sa yatsa su wanke har can ciki, suna ganin iyakar tsafta ke nan. Alhali farji yana wanke kansa da kansa. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a wurin, suna samar da ɗan tsami da ke hana masu cutarwa yaɗuwa. Sabulu da alimun suna kashe su, su busar da fatar ciki har ta tsage, sai wari da ƙaiƙayi su biyo baya. Matar kuma ta ƙara ƙaimi wajen wankin, domin tana ganin ƙazanta ce ta jawo. Farin ruwa mara wari da mara ƙaiƙayi, wanda kan ƙaru a tsakanin al'ada da al'ada, alamar lafiya ce, amma mata da yawa sun sha magani a kansa.

Duk wannan sunansa ɗaya a bakin mata: sanyi. Ƙaiƙayi sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, rashin haihuwa ma sanyi ne. Kuma kusan kowa ya yarda a masai ake ɗaukarsa. Nan ne ma'aikatan jinya ke shigowa, kuma dole a faɗi gaskiya: nas ɗin da ke ɗakin awo ita ma a irin gidan nan ta tashi. Ta yi karatun jinya ko na ungozoma, amma kakarta ce ta yi mata wankan jego, ƙawayenta ne suka haɗa mata kayan mata ranar aurenta. Shi ya sa za ka ji wata da farin kaya tana cewa mara lafiya ta daina shiga bandakin haya, ko ta riƙa zama cikin ruwan Dettol. Cututtukan da ake tarawa a kira su sanyi kuwa iri-iri ne. Wani naman gwari ne da kan taso bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko lokacin goyon ciki, ko ga mai ciwon suga. Wani rikicewar waɗancan ƙwayoyin masu amfani ne. Wani kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa, kuma idan ba a yi wa miji magani ba, matar za ta warke ta sake kamuwa. Ɗora laifin a kan masai ya fi sauƙin faɗa, amma yana barin maigida a gida ba tare da an duba shi ba.

Ƙwararru cikin ma'aikatan jinya sun gane cewa tsawa ba ta aiki. Idan aka ce wa mace "ke baƙauya ce", ba za ta dawo ba, kemis za ta tafi a haɗa mata Flagyl da wasu ƙwayoyi ba tare da gwaji ba. Sai su sassauta murya su ce, "Hajiya, da me kike tsarki? Akwai abin da kike sawa?" Sau da yawa sai an maimaita tambayar kafin a ji sunan bagaruwa ko alimun, daga nan ne kuma ake iya tura ta gwaji, a ce ta zo da maigidan.